Dutsen da Inna ta kai Malumfashi

Mun tashi da asuba ran Juma'ar da ta wuce, ni da mahaifiyata, daga gidanmu da ke bayan tashar jirgin Funtuwa, muka nufi Malumfashi. Ni tela ne, kuma kowa ya san tela ba ya rufe shago ran Juma'a sai da babban dalili, don ranar ce masu riguna ke zuwa su tsaya a kansa suna tuna masa alkawarin da ya yi tun watan jiya. Amma Inna ce ta ce a tafi. Ta fito da lulluɓinta na saƙi, ta ɗora wani ƙunshi a ka, an naɗe shi cikin tsohon zane. Na miƙa hannu in karɓa, ta kauce.

"Bar shi, Auta. Wuce mu tafi."

Bari in gaya muku abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗaki da wannan duku-duku. Ina da wa, shi ne ɗan farin Inna. Lokacin yaƙin Bama na zamanin Turawa aka zo ɗibar soja ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, ya shiga cikin waɗanda suka tafi, ni ina ɗan mitsitsi. Da yaƙi ya ƙare wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ce zazzaɓi ya kama shi a daji, an binne shi a inda shi kansa ba zai iya nunawa ba. Aka yi sadaka, Inna ta zauna ta karɓi gaisuwa, amma ba wanda ya ga hawayenta. Kun dai san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yana nan "yaron nan" take ce masa, da ya tafi ya koma "wancan yaron". Mu ƙanne kuwa Yaya muke cewa. Da Baba ya rasu sai sunan ya rasa mai faɗinsa a gidanmu.

Ina tune da safiyar da ya tafi. Inna na durƙushe tana niƙa, ya zo bakin rumfa ya tsugunna ya ce, "Inna, zan tafi." Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye," ta ci gaba da niƙanta. Ya ɗan jima a tsugunne, sannan ya shafa kaina ya fita.

Tun da muka dawo Funtuwa da zama, duk sa'ad da jirgi ya yi kuka Inna takan saki abin da ke hannunta, ta yi shiru har sai ya wuce. Da aka fara wannan yaƙin da ake yi yanzu a kudu, jirage suka riƙa kwasar samari masu kaki, sai abin ya ƙaru. Ta rage cin abinci, ta rame, zanenta ya riƙa zagaye ta har ya yi saura. Ina gani, ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba, don ba maganar da ake yi da ita ba ce.

Akwai wani ɗan fili a kan hanyarmu ta zuwa tashar mota, da ginshiƙin siminti a tsakiya da sarƙa kewaye da shi, an ce na tunawa da sojojin da suka mutu ne. Awaki ne ke shan inuwarsa, mata kuma su shanya barkono a gefe. Na taɓa kai Inna can ko za ta ji sanyi, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai na kowa ne." Da muka gifta ta wurin a wannan asuba ko waiwaye ba ta yi ba.

Labarin na Malumfashi kuwa a shago na ji shi. Wani tsohon soja ya kawo mini wandon kakinsa in buɗa masa ƙugu, yana rantsuwa wandon ne ya tsuke, ba tumbi ne ya fito ba. Ina warware ɗinki yake gaya mini 'yan mazan jiya na Malumfashi sun share wani ɗan wuri a cikin gari. Duk wanda nasa ya tafi yaƙi bai dawo ba, sai ya kawo dutse daga gida ran Juma'a, ya tsaya ya kira sunan mamacin, a shafa wa dutsen farar ƙasa a ajiye shi a jeri. Na ba da labarin a gida kamar hira. Bayan 'yan kwanaki ina shirin fita Inna ta ce, "Juma'a za mu Malumfashi."

A tasha muka samu motar katako tana lodi. Ɗan kamashon motar, wani dattijo mai jajayen haƙora saboda goro, ya sa hannu zai ɗauki ƙunshin Inna ya jefa sama wurin kaya. Da ya ji nauyi ya saki da sauri.

"Iya, zinariya kika ɗauko? Wannan sai an biya masa kuɗin kaya."

"Abin da ke kan cinyata ba kaya ba ne," in ji Inna.

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce a ba tsohuwa gaba kusa da direba. Ni kuwa aka tura ni baya, tsakanin buhunan gishiri da wani mai kaji da bai yarda ya rabu da akurkinsa ba. Kuɗin mota ya hau tun da aka fara yaƙi, wai motoci sun yi ƙaranci. Kowa ya yi mita, kowa kuma ya biya.

Wanda bai bi hanyar nan da kaka ba bai ga arzikin ƙasarmu ba. Gonakin auduga sun yi fari fat dama da hagu, mata da kwanduna suna tsinka. An girbe dawa an jingine dammuna, jakuna na tafe a gefen hanya da buhuna sun rinjaye su. Kwaltar ce dai ta gaji. In direba ya kauce wa rami sai ya faɗa wa wansa, kajin maƙwabcina su yi kururuwa, mu ma mu taya su da salati. A cikin wannan jijjiga nake ta gwada sunan Yaya a bakina, tun da na san ni zan kira shi a madadin Inna. Sai na ji ya yi mini nauyi, na kasa fitar da shi ko da a hankali. Abin ya ba ni tsoro, na ce kada in je gaban mutane in tsaya kamar gunki.

A Bakori aka tsaya shan ruwa, mu da motar duka. Masu talla suka yanyame mu. Na sayi ƙosai na kwabo biyu mai zafi, da rake, da curin mazarƙwaila da zan kai tsaraba. Raken wurin yana da ruwa ƙwarai, sai ya tuna mini yadda Yaya kan ɓare mini shi da haƙori ya yayyanka, don nawa haƙoran lokacin sun zube. Na kai wa Inna ƙosai ta taga, ta ɗauki ɗaya ta riƙe. Da muka isa Malumfashi yana nan a hannunta.

Gaba kaɗan muka tarar da shingen sojoji, an gindaya katako a kan durom biyu. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wanda ya zo kan Inna saurayi ne dogo, an ba shi kakin da ya fi ƙarfinsa, kafaɗar rigar ta sauko masa har damtse. Hannuna har ƙaiƙayi yake in rage masa ita. Ya nuna ƙunshin ya ce a kwance. Inna ta tsura masa ido, ta daɗe.

"Ɗan nan, ka yi sallama da uwarka kafin ka fito?"

"Na yi, Iya."

"Ta ɗaga kai ta dube ka?"

Ya gyara riƙon bindigarsa. Can ya ce, "Ni ne na fari, Iya." Bai sake maganar ƙunshi ba, shi ya kama hannunta ya taimaka mata ta hau mota.

Kafin a shiga Malumfashi akwai wata 'yar hanya da ta ratse ta yi yamma, ita ce ta ƙauyenmu. Na hangi ɗorawoyin bakin rafi inda gonar Baba take, yanzu wani ne ke nomanta. Na leƙa ta tsakanin katako, na ga Inna ta juya tana bin hanyar da kallo har muka sha kwana. Ni ma kewar wurin ta kama ni, ko da yake abin da na sani a can bai fi ƙuruciya ba.

Da hantsi muka sauka, bayan mun yi faci sau ɗaya. Muka yada zango gidan wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta dawo gari wurin ɗanta. Suka rungume juna da Inna, aka shiga lissafin wa ya mutu wa ya saura. Aka kawo mana ɗanwake da man gyaɗa da yaji, irin wanda rabona da shi tun ina yaro, na ci har na ji kunya. Inna ta ce ta ƙoshi.

Bayan an sauko daga masallaci muka tambayi wurin, aka nuna mana. Yana bayan tashar mota, inda lunguna biyu suka haɗu. Bai fi masussuka girma ba. An kewaye shi da 'yar katanga iya gwiwa, an share shi tas, da itatuwan darbejiya a kusurwoyi da sandar gwangwala mai tuta a tsakiya. Duwatsun na jere a ƙasa, farare, kowanne da kamarsa: wani sumul na rafi, wani ɓallin marmara, wani da ka gani ka san daga murhu aka ciro shi. Ba rubutu a jikin ko ɗaya, kowa ya san nasa. Na can ƙarshen jeri sun fi sauran haske, su ne na wannan yaƙin na yanzu. Daga bayan katanga kuwa duniya na ta harkarta, mai tsire na hura wuta, wani na gyaran keke.

Wani tsohon Bamaguje ya tsugunna gaban wani dutse, ya tsiyaya masa giya kaɗan daga ɗan goransa yana magana ƙasa-ƙasa. Kusa da shi wata mata daga unguwar mishan tana cire ciyawa a gindin nata tana 'yar waƙa. Shugaban wurin, wanda kowa ke ce wa Saje, ya ga ina kallon mai gora, sai ya juya masa baya ya ce da ni, da muryar da ta kai bakin tasha, "Ban gani ba, Malam! Can ma haka suka kwanta, ba wanda ya ware su." Ƙato ne, igwa ta kashe masa kunne, shi ya sa ba ya magana sai da ihu. Lambobinsa na ƙirji suna walƙiya, amma facin gwiwar hannun rigarsa da kansa ya yi shi, da baƙin zare a kan kaki, ɗinkin da in almajirin shagona ya yi sai na kore shi.

Na kai bakina kunnensa na gaya masa ƙauyenmu da sunan mahaifinmu. Ya kira 'yan'uwansa, su goma sha wani abu, duk furfura ta fara cin su. Suka yi ta tunani, wannan ya ce ko dogon nan ne mai tsaga, wancan ya ce a'a, shi ɗan wajen Ɗandume ne. Ƙarshe Saje ya girgiza kai ya ce ba rundunarsu ɗaya ba, ba wanda ya san shi. Na dubi Inna. Ashe ta sa rai za ta sami wanda ya gan shi a can, ko sau ɗaya. Ta sunkuyar da kai, na ji zuciyata ta karye, na fara tunanin ko wahalar banza na ba tsohuwa.

Akwai wani dattijo a gabanmu, manomi, ya kawo dutsen ɗansa da aka kashe a kudu bana. Saje ya daka tsawa, tsofaffin sojojin suka jeru suka ƙame, har wanda ke dogara sanda. Dattijon ya ajiye dutsen, ya miƙe ya kira sunan ɗansa. Sai gaba ɗayansu suka amsa da murya ɗaya, "Na'am!" Wannan kam mai wandon kaki bai gaya mini ba. Na ji yatsun Inna sun damƙi hannuna har da zafi. Aka shafa farar ƙasa, aka yi addu'a, aka shafa.

Da aka zo kanmu Saje ya ce, "An ce ɗan fari ne? To ba komai, Inna. Ƙanensa ya kira, haka muke yi wa iyaye mata." Na matsa gaba, na buɗe baki. Sai na ji an ja rigata ta baya.

"Koma baya, Auta."

Ta durƙusa ta kwance zanen. Ɗan dutsen niƙa ne, wanda ake riƙewa a hannu a murza hatsi da shi. Gefensa ya lotsa daidai inda tafinta ke zama. Na gane shi nan take. Tun da injin niƙa ya zo unguwarmu ban sake ganinsa ba, na ɗauka an bar shi a ƙauye. Ta ajiye shi a ƙarshen jeri, ta dafa ƙasa ta miƙe. Leɓunanta suka motsa, ni da nake kusa ma ban ji abin da ta ce ba. Saje ya kai hannu bayan kunne.

"Inna, kunnen nan igwa ta cinye shi. Ɗaga murya!"

Ta ɗaga kai. Ta ja numfashi, ta kira shi irin kiran da uwa ke yi wa ɗa in yana can ƙarshen gona abinci ya sauka.

"Haruna!"

"Na'am!"

Inna ta yi tangaɗi, na tare ta. Kukan da ba ta yi ba sama da shekara ashirin ya zo mata a wurin, a tsakiyar gari, gaban baƙi. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Matar nan ta mishan ta zo ta kama ta ta ɗaya gefen, Bamagujen ya cire hularsa. Saje da kansa ya tsugunna ya shafa wa dutsen farar ƙasa, a hankali, har cikin lotsawar. Ni ma na yi nawa kukan, ba zan ɓoye muku ba. Da aka shafa addu'a na ce da Saje ya aiko mini da rigarsa Funtuwa in gyara masa facin, ya ce facinsa lafiya lau yake.

Muka kwana a Malumfashi. Da safe Inna ta sha koko da ƙosai, ta ce a ƙaro. A mota ta ƙi zama gaba, ta ce tare za mu zauna a baya. Ba ƙunshi a cinyarta, sai tsohon zanen a ninke. Mun wuce mararrabar ƙauyenmu ke nan ta yi magana, idonta na kan gonaki.

"Garin furarsa nake niƙawa ran nan, ta guzuri. Na ce in na ɗaga kai ba zan iya gamawa ba. Ban gama ba motarsu ta tashi."

Na ɓare mata rake na yayyanka, ta karɓa ta sha.

Kafin azahar muka iso Funtuwa. Na tarar da masu riguna sun yi mini cincirindo a ƙofar shago, kowa da fushinsa, na ba su haƙuri da mazarƙwaila. Da la'asar jirgin Gusau ya yi kuka. Ina tsakar gida, na saci kallon Inna. Tana kaɗi, mazarinta bai tsaya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na tashi ina ganin iyayenmu mata suna kau da kai daga 'ya'yansu na fari, ban taɓa tambayar kaina nawa abin ke ci musu ba. Na kuma gane mai rashi ba babban gini yake nema ba. Wuri yake so ɗan kaɗan da zai nuna ya ce nan nawa yake, da mutanen da za su amsa in ya kira. In hanya ta bi da ku Malumfashi ran Juma'a, ku leƙa bayan tasha. In kun ga wani ɗan dutse mai lotsawa a gefe, namu ne, ku yi masa addu'a.

Jiya da safe na shiga gaishe ta zan fita shago. Har na kai zaure ta kira ni na dawo.

"Auta, in damina ta faɗi farar ƙasar nan wankewa za ta yi. Ka riƙa zuwa kana sake shafa wa Haruna."

Ta faɗi sunan tana kallona, ba ta sunkuyar da kai ba. Na ce to, Inna.